Tarihin Metir da Kilo: Yadda Duniya Ta Samu Ma'auni Guda

Kai mai karatu, ko ka taɓa tambaya wa ya yanke tsawon metir? Wa ya ce ga nauyin da za a kira kilo? Dubi buhun takin zamani, an rubuta kilo 50 a jikinsa. In ka kai yaro asibiti, sai an ɗora shi bisa sikeli kafin a ba shi magani. Bakin hanyar mota akwai duwatsu masu lamba, suna faɗa maka kilometir nawa ya rage ka isa Maraɗi ko Damagaram. Kilon Tawa shi ne kilon Yamai, shi ne na Makka, shi ne na ƙasar Sin. Amma a da ba haka duniya take ba. Metir da kilo ba su kai shekara 250 da haihuwa ba. An sha wuya kafin a same su, har wasu sun rasa rayukansu cikin aikin. Ga labarin.

Awon kakanni

Ma'aunin farko da ɗan Adam ya samu, jikinsa ne. Kakanninmu sun yi awo da taƙi, wato daga babban yatsa zuwa ɗan yatsan tsakiya in an buɗe hannu. Sun yi awo da kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa. Masu ginar rijiya har yanzu da gaba suke faɗin zurfinta, wato faɗin hannuwa biyu in mutum ya miƙe su. Fatake kuma da zango suke ƙidayar nisan hanya. Hatsi a gona dami ne, a kasuwa tiya ko mudu. Gishirin Bilma kantu ne.

Sauran mutanen duniya ma haka suka yi. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna da kamu suka gina manyan gine-ginensu. Da suka ga kamun kowa dabam ne, sai suka yanke kamun sarki, mai tsawon santimetir 52 da ɗan ɗori, suka sassaƙa shi a itace da dutse don magina su riƙa gwadawa. Larabawa suna da mudu da sa'i, mudu huɗu sa'i guda. Daga wurinsu muka samu kalmar mudu, kuma da mudun nabi ake fidda zakkar kono. Zinariya da miskali ake awonta, nauyinsa garam huɗu da ƴan kai.

Wannan awo ya yi wa mutane aiki shekaru aru-aru, tun da duk inda mutum ya tafi yana tare da ma'auninsa. Amma ka san aibinsa. Dogo da gajere kamunsu ba ɗaya ba ne. Damin wane ya yi biyun na wane. Tiyar da ake saye da ita wani lokaci ta fi wadda ake sayarwa da ita zurfi. In ma'auni ya zama biyu, mai ƙarfi ne ke zaɓen wanda za a yi aiki da shi, talaka kuwa shi ke asara.

Rikicin awo a Faransa

Wannan ciwo ya yi tsanani a ƙasar Faransa shekaru ɗari biyu da wani abu da suka wuce. Masana tarihi sun ƙiyasta sunayen awo kusan 800 a ƙasar. Kowane suna kuma girmansa yana sakewa daga gari zuwa gari. Ma'aunin abin sha na garin San Deni ya fi na birnin Paris girma sosai, alhali garuruwan biyu maƙwabta ne. Lissafin ma da wuya. Gabarsu ƙafa 6 ce, ƙafa guda yatsa 12, yatsa guda kuma an raba shi 12.

Manoman Faransa suna biyan masu ƙasa hakkin gona da alkama. Ma'aunin kuwa yana hannun mai ƙasa. Manoma suna kuka cewa kwanon awo yana ƙara girma, ana danna shi, ana yi masa tozo. A shekarar 1789 sarkin Faransa ya ce kowane gari ya rubuto koke-kokensa. Garuruwa da yawa suka roƙi abu guda: a yi ma'auni ɗaya ga ƙasa duka, na mai kuɗi ya zama na talaka.

Cikin wannan shekara aka yi babban juyin mulki a Faransa. Sabuwar majalisa ta ɗauki maganar awo, ta miƙa ta ga ƙungiyar masana kimiyya ta Paris.

Shawarar masana

Kimiyya ita ce ilmin binciken halitta ta hanyar dubawa da gwadawa da awo. Tana da rassa. Akwai ilmin taurari. Akwai ilmin ƙasa da duwatsu. Akwai ilmin masu rai, wato tsirrai da dabbobi da jikin mutum. Akwai ilmin sinadarai, mai binciken abin da aka yi ruwa da iska da gishiri da shi. Akwai ilmin motsi da ƙarfi da zafi da haske. Lissafi shi ne harshensu duka. Babu reshen da zai yi aiki ba tare da awo ba, don in masani ya ce ya gano abu, sai wani ya sake aunawa ya ga ko gaskiya ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Masanan suka tsai da shawara ukku. Ta farko, kada a ɗauki ma'auni daga jikin wani sarki ko al'adar wani gari, don sauran ƙasashe ba za su yarda ba. A ɗauke shi daga abin da kowa ke da rabo ciki, wato duniya kanta. Ta biyu, a riƙa hawa da sauka goma-goma, kamar yadda muke ƙidaya da yatsu. Ta ukku, awon tsawo da na ruwa da na nauyi su fito daga tushe guda.

A watan Maris na 1791 majalisa ta amince. Duniya a dunƙule take kamar lemu. Aka ce a ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin tsakiya da ya raba ta biyu. A raba wannan nisa kashi miliyan 10. Kashi guda shi ne sabon ma'auni. Daga baya aka raɗa masa suna metir, daga wata kalmar Girkawa mai nufin awo. A Najeriya mita suke cewa.

Ba su ne farkon masu auna duniya ba. Wajen shekarar 830, Halifa Ma'amun na Bagadaza ya aiki masana taurari cikin filin Sinjar na ƙasar Iraki. Suka yi tafiya arewa da kudu suna auna ƙasa suna duban sama, suka fidda girman duniya, kuma lissafinsu bai yi nisa da gaskiya ba. Abin da masanan Faransa suke nema shi ne awon da ya fi duk na baya daidai.

Mutum biyu bisa hanya

A wancan zamani babu wanda ya taɓa isa ƙuryar arewa, ƙanƙara ce ko'ina. Don haka aka ce a auna yanki guda na hanyar, sauran a fidda shi da lissafi. Aka zaɓi layin da ya tashi daga Dankerk, bakin teku a arewacin Faransa, ya bi ta Paris, ya sauka Barselona, bakin teku a ƙasar Ispaniya. Tsawonsa ya zarce kilometir 1,000, wato ya fi tafiyar Yamai zuwa Damagaram.

Aka ba masana taurari biyu aikin. Delambur ya ɗauki arewa, daga Dankerk zuwa garin Rodes. Meshan ya ɗauki kudu, daga Barselona zuwa Rodes. Suka tashi a watan Yuni na 1792, kowa da keken dokinsa da mataimakansa.

Yaya za a auna irin wannan nisa, ga duwatsu, ga koguna, ga dazuzzuka? Ba da igiya suka bi ba. Dabarar alwatika suka yi, wato siffa mai kusurwa ukku irin wadda tela ke sa wa riga. Ɗauki misalin garuruwa ukku masu hangen juna. In ka san nisan gari na farko zuwa na biyu, ka kuma auna buɗewar kusurwa daga kowannensu zuwa na ukku, lissafi zai ba ka nisan na ukku ba tare da ka taka ƙafa ba. Daga nan sai ka ɗauki gefen da ka samu, ka ɗora wata alwatika a kansa, ka ci gaba.

Haka suka yi. Suna hawa hasumiyar coci ko kan dutse, su hangi wata hasumiyar da madubin hangen nesa, su auna kusurwa, su maimaita sau da yawa don kuskure ya ragu. Suka jera alwatika fiye da 100 daga teku zuwa teku. Wuri biyu kawai suka auna ƙasa da sanda, ɗaya kusa da Paris, ɗaya kusa da garin Perpiñan a kudu, kowane wajen kilometir 12. Sandunan guda huɗu ne, na wani farin ƙarfe da ba ya tsatsa, ana ce masa platin. Suna shimfiɗa su baki da baki, su ɗauke ta baya su kai gaba. Kowane maƙeri ya san ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi. Don haka duk sandar da suka aza sai sun rubuta zafinta, su gyara lissafi. Awon kowane wuri ya ci fiye da wata guda.

Da dare kuma suna duban taurari. Akwai tauraron da ke tsaye a arewa. In kana tafiya arewa yana ƙara hawa sama, in kana tafiya kudu yana sauka. Da suka gwada tsayin taurari a Dankerk da Barselona, sai suka san yankin da suka auna ya ɗan fi kashi ɗaya cikin goma na hanyar duka.

Wahalar aiki

An yi zaton aikin ba zai daɗe ba, sai ga shi ya kai 1798. Ƙasa ta rikice. An tuɓe sarki, aka kashe shi a Janairu 1793, yaƙi ya tashi ta ko'ina. Mutanen ƙauye suka ga baƙi bisa hasumiya da baƙin kayan aiki suna hangen nesa, suka ce ƴan leƙen asiri ne. An tsare Delambur ba sau ɗaya ba. Wata rana sai da ya buɗe kayansa gaban taron jama'a yana bayanin amfanin kowane ƙarfe. A wani gari ya rataya farin ƙyalle bisa hasumiya don ya hange ta daga nesa. Mutane suka ce fari tutar sarki ce, sai da ya ɗinka masa ja da shuɗi suka bar shi. An ma kore shi daga aikin fiye da shekara guda kafin a maido shi.

Meshan ya fi shan wuya. A 1793 wani injin jan ruwa ya buge shi, ya karya masa haƙarƙari, ya daɗe kwance. Yaƙi kuma ya tashi tsakanin Faransa da Ispaniya, aka hana shi komawa gida. Da yana zaune a Barselona, sai ya sake duban taurari daga wani wuri cikin birnin don ya tabbatar da awonsa na farko. Awon biyu suka saɓa da ɗan kaɗan, abin da a ƙasa bai wuce metir 100 ba. Ya riga ya aika da na farko Paris. Kunya ta hana shi faɗi. Ya ɓoye maganar, ta yi ta cin ransa shekara da shekaru. Daga baya ya koma Ispaniya don ya ƙara awo, zazzaɓi ya kashe shi can a 1804. Bayan mutuwarsa Delambur ya karanta takardunsa, ya ga abin da ya ɓoye, ya adana su duka don na baya su duba.

Masanan da suka zo daga baya sun gane cewa Meshan ba sakaci ya yi ba. Kayan aikin zamanin ne ke da iyaka. Shi ya sa a yau duk masanin da ya auna abu yakan rubuta awon, ya kuma rubuta iyakar kuskuren da zai iya kasancewa ciki. Awo ba ya rasa ɗan kuskure, ɓoye shi ne laifi.

Litir da kilo daga ruwa suka fito

Lokacin da waɗannan ke bisa hanya, wasu masana suna Paris suna aikin nauyi. Babbansu shi ne Lavwaziye, wanda ake kira uban ilmin sinadarai na zamani. Bai ga ƙarshen aikin ba, don masu mulki sun kashe shi a watan Mayu na 1794 saboda ya taɓa aikin karɓar haraji na sarki. Wasu suka ƙarasa.

Ga dabarar. Raba metir kashi goma, kashi guda santimetir 10 ke nan. Ƙera akwati mai tsawo santimetir 10, faɗi 10, zurfi 10. Abin da akwatin ke ci shi ne litir. Cika shi da ruwa tsantsa mai sanyi, digiri 4, don a nan ruwa ya fi nauyi. Nauyin wannan ruwa shi ne kilo. Ka ga metir ya haifi litir, litir ya haifi kilo. Shi ya sa bido mai litir 20, in an cika shi da ruwa, ruwan kilo 20 ne.

Sunayen ma da ma'anarsu. Kilo na nufin dubu: kilometir metir 1,000 ne, kilogaram garam 1,000 ne, shi muke gajartawa mu ce kilo. Santi na nufin kashi ɗaya cikin ɗari, mili kashi ɗaya cikin dubu. Santimetir 100 metir guda, milimetir 1,000 metir guda.

Dokar 7 ga Afrilu 1795 ta tabbatar da waɗannan sunaye, har da sabon kuɗi, faran. An yanke nauyin faran guda garam 5 na azurfa. Don haka dalar azurfa ta faran 5, irin wadda aka sani a ƙasarmu zamanin Turawa, garam 25 ce, dala 40 kilo guda.

Da aka gama awo, masana daga wasu ƙasashen Turai suka zo Paris suka binciki lissafin. Ran 22 ga Yuni 1799 aka ajiye sandar platin mai tsawon metir guda da curin platin mai nauyin kilo guda a gidan ajiyar takardun gwamnati. Yau an san sandar ta gaza da kashi ɗaya cikin biyar na milimetir, kaurin takarda biyu ke nan. Babban dalili shi ne duniya ba ta dunƙule sumul ba, ta ɗan baje ta sama da ƙasa, kuma ba daidai ko'ina ba. Ba a sake sandar ba. An gane cewa abin da ya fi muhimmanci shi ne kowa ya riƙe guda.

Talakawa sun ƙi

Kana tsammani mutane sun yi murna? Ko kaɗan. Waɗanda suka roƙi ma'auni guda, kowa na garinsu yake nufi. Gwamnati ta liƙa metir 16 na dutse a bangayen Paris don masu wucewa su saba da shi, biyu suna nan har yanzu. Duk da haka ƴan kasuwa suka ci gaba da tsohon awo. Sabo da wuyar bari. Masu mulki sun so su raba yini ma awa goma, mako kuma kwana goma, wannan kam ya mutu bai dawo ba.

A 1812 sarki Napoliyon ya sassauta, ya yarda a koma ga tsoffin sunaye a ƙananan kasuwanni. Sai a 1837 aka yi dokar da ta tilasta metir da kilo ga kowa, daga 1 ga Janairu 1840. Makaranta ta koya wa yara, masu binciken sikeli suka riƙa zagaya kasuwanni, jirgin ƙasa ya haɗa garuruwa. Sannu a hankali tsohon awo ya ja baya. Kusan shekara 50 ke nan tun daga koken manoma.

Duniya ta shiga

Ciniki tsakanin ƙasashe ya yawaita, kowa ya ga amfanin awo guda. Ran 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu bisa yarjejeniyar metir a Paris. Suka kafa ofishin awo na duniya a garin Sevur, kusa da Paris. A 1889 aka ƙera sabuwar sanda da sabon kilo, aka rarraba wa ƙasashe irinsu. Uban kilon ɗan curi ne, tsayinsa milimetir 39, faɗinsa 39, zai shiga tafin hannunka. An kife shi da ƙwaryar gilashi ukku, ɗaya bisa ɗaya, cikin ɗakin da sai da mabuɗi ukku ake buɗewa. Shekara 130 duk sikelin gaskiya na duniya daga gare shi ya samo asali.

Ingila da Amurka sun daɗe riƙe da yadi da inci da laba. Amma tun 1959 su ma da metir suke fassara su: yadi guda santimetir 91 da ɗan ɗori ne. Har yanzu mutanen Amurka da tsohon awo suka fi aiki, kuma ya taɓa ja musu babbar asara. A 1999 wani kumbo da suka aika duniyar Mars ya salwanta, don masu aiki kashi guda sun yi lissafi da awon Ingilishi, ɗayan kashin kuma da awon metir.

Daga ƙarfe zuwa haske

Abin da hannu ya ƙera yana iya lalacewa. Gobara ko yaƙi na iya cin sanda. Don haka masana suka koma neman ma'auni cikin halitta, kamar yadda na farko suka so. A 1960 aka tsara awon duniya cikin tsari guda. Yau yana da tushe bakwai: metir na tsawo, kilo na nauyi, daƙiƙa ta lokaci, da na zafi, da na ƙarfin lantarki, da na haske, da na yawan sinadari. Duk sauran awo daga waɗannan ake haɗa su. In direba ya ce yana gudun 80, kilometir 80 cikin awa guda yake nufi, wato tsawo da lokaci ne aka gama.

A 1983 aka ɗaure metir ga haske. Babu abin da ya fi haske sauri, kuma inda ba iska ba komi saurinsa ba ya sakewa. Cikin daƙiƙa guda yana cin metir 299,792,458, abin da ya isa ya kewaye duniya sau bakwai da rabi, don kewayenta kilometir 40,000 ne. Yanzu duk ƙasar da ke da kayan aiki tana iya fidda metir da kanta.

Kilo shi ya daɗe. Da aka riƙa gwada uban kilo da ƴan'uwansa, sai aka ga sun fara saɓawa. Bambancin ƙanƙane ne: ɗauki ƙwayar hatsi guda ka raba ta ɗari, wajen kashi ɗaya ke nan. Ga mai sayar da hatsi ba komi ba ne, ga masu binciken kimiyya kuwa magana ce babba. A watan Nuwamba na 2018 wakilan ƙasashe fiye da 50 suka taru a Faransa, suka yarda a ɗaure kilo ga wata lamba ta halitta da ba ta sakewa. Ana fidda shi da wani sikeli na musamman, wanda ake aza nauyi gefe guda, ƙarfin lantarki ya riƙe ɗayan gefen. Sabon tsari ya fara aiki ran 20 ga Mayu 2019. Nauyin kilo bai sake ba, tushensa ne aka ƙarfafa.

Yadda ya iso ƙasarmu

Metir da kilo tare da mulkin mallaka suka shigo. Sojan Faransa sun kama Damagaram a 1899, shekara 100 daidai bayan ajiye sandar platin. Manomi ya fara gamuwa da kilo ne wajen cinikin gujiya, wato gyaɗa, a kasuwannin Maraɗi da Magarya da Matamai. Nan ciwon manoman Faransa ya sake bayyana. Sikeli yana hannun mai saye, lambobin kuma shi kaɗai ke karanta su. Abin da ya faɗa shi ne nauyin kayanka.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, an kafa kamfanin sayen gujiya na ƙasa da hukumar ƙungiyoyin manoma a 1962. Daga tsakiyar shekarun 1960 aka fara barin manoma su riƙe kasuwannin gujiya da kansu. Ƙauyuka suka zaɓi mutanensu, aka koya musu karatun sikeli da rubuta nauyi a takarda. Mai kaya ya tsaya yana ganin ɗan garinsu yana awo. A Najeriya kuma yadi da laba da mil aka yi ta aiki da su, sai cikin shekarun 1970 suka koma ga metir da kilo.

Tiya ba ta mutu ba, kuma ba laifi. Amma ka san dangantakarta da kilo. Tiyar hatsi wajen kilo biyu da rabi ce, tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. In ka san wannan, kana iya gwada kuɗin tiya da kuɗin buhu, ka ga inda riba take.

Abin da za ka riƙe

Gona mai tsawon metir 100 da faɗin metir 100 ita ce hekta. In malamin gona ya faɗi yawan iri ko taki ga hekta, sai ka san girman gonarka kafin ka saya, don kada ka zuba fiye da kima ko ƙasa da ita.

In rediyo ya ce an samu ruwan sama milimetir 20, yana nufin kowane fili mai metir guda tsawo da metir guda faɗi ya sha litir 20. Hekta guda ta sha litir 200,000 ke nan.

Maganin yara da nauyinsu ake ba da shi. Ki riƙe lambar kilon ɗanki, ki duba ko tana hawa wata bayan wata. Zaren da ake ɗaura wa yaro a dantse milimetir yake aunawa. In bai kai 115 ba, ya shiga ja, yaron na bukatar asibiti ba da jinkiri ba.

A kasuwa, kafin a aza kayanka, dubi allurar sikeli ko tana bisa sifiri. In kana shakka, ɗora litir guda na ruwa. Ya kamata ya nuna kilo guda, da ɗan ɗorin nauyin kwalba. Samu kara miƙaƙƙe, ka kai wurin tela ko malamin makaranta a yanke maka metir guda, ka ajiye a gida.

Manoman Faransa sun roƙi ma'aunin da ba ya duban fuskar mutum. An same shi, ya kuma iso har kasuwar garinku. Amma sikeli ba ya magana, lamba yake nunawa. Mai iya karanta lambar, shi ke cin amfaninsa. Ka koya, ka koya wa na kusa da kai.